Gizo-Gizo a Cikin Gida: Tsintsiya Ta Wadatar, a Ajiye Guba

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, akwai aikin da ba sai an tuna wa uwargida ba. Za a ɗaura tsintsiya a bakin doguwar gora, a bi silin da azara da bayan kwaba ana kakkaɓe yana, ƙura na tashi, yara na atishawa. Wannan tsafta ce, babu mai ja da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo baya. A gidaje da yawa, da zarar mai yanar ya faɗo ya ruga ƙarƙashin gado, sai a ɗauko kwalbar piya-piya a yayyafa lungu da saƙo, a rufe ƙofa da taga, da dare kuma a shimfiɗa wa yara tabarma a cikin ɗakin. An kashe halittar da ba ta tsare wa kowa komai ba, an kuma shaƙa wa iyali guba.

Wannan ciniki ne na faɗuwa. Gizo-gizon da ke cikin gida bai cancanci tsoron da ake yi masa ba, amfaninsa ya fi cutarwarsa nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ake bukata don iyakance shi bai wuce tsintsiya da ragar taga da ɗan lura ba.

Masana halittu ba sa lissafa gizo-gizo cikin jinsin ƙuda da sauro da fara. Waɗancan ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi 3, yawancinsu da fukafukai. Shi kuwa ƙafa 8 gare shi, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike, kuma danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ke kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022, kuma har yau ana ƙara gano sababbi. Kusan dukkansu mafarauta ne. Ba sa cin hatsi, ba sa ɓarnar tufafi, ba sa cin katako kamar gara, ba sa shan jinin mutum, ba a kuma san su da yaɗa wata cuta daga wani zuwa wani ba. Abincinsu ƙwari ne.

Yawan abin da suke ci kuwa abin mamaki ne. A shekarar 2017, Martin Nyffeler na Jami'ar Basel da abokin aikinsa Klaus Birkhofer sun tattara sakamakon bincike da dama, suka ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙananan halittu a kowace shekara, sama da kashi 90 cikin 100 ƙwari ne da danginsu. A lissafinsu, nama da kifin da dukkan 'yan Adam ke ci a shekara kimanin tan miliyan 400 ne. Mafi yawan wannan farauta a dazuzzuka da filayen ciyawa ake yin ta, inda babu mai feshi, babu mai biyan kowa ko sisi. Shi ma gizo-gizon abincin wasu ne. Ƙadangare da tsaka da tsuntsaye na kalaci da shi, wasu ƙananan tsuntsaye da yanarsa suke ɗaure sheƙarsu, kuma duk wanda ya taɓa fasa gidan laka da zanzaro ya gina a jikin bango ya ga abin da ke ciki: gizo-gizai ne da ya harba ya sumar, ya jera wa tsutsarsa ta ci idan ta ƙyanƙyashe.

A cikin gida ma aikin bai canza ba. Akwai mai dogayen ƙafafu sirara da ke rataye a kusurwar silin, wanda ke karkaɗa yanarsa idan an taɓa. Sauro da ƙananan ƙudaje ne abincinsa. Akwai ɗan ƙarami mai tsalle da ke yawo a jikin bango da rana, ba ya saƙar tarko, idonsa kawai yake dogara da shi ya lallaɓa ya daka wa ƙuda wawa. Akwai shimfiɗaɗɗen nan da ke lafewa a bayan kalanda ko hoton bango. Sai kuma babban nan mai faɗin ƙafafu, mai gudu kamar walƙiya, wanda ke sa mata ihu idan ya fito a banɗaki da dare. Duk girmansa da munin kamarsa, kyankyaso yake nema.

Babu gidan da ya kuɓuta daga waɗannan baƙi, komai tsaftarsa. Masu bincike a jihar North Carolina ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Matt Bertone, sun shiga gidaje 50 a birnin Raleigh da kewayensa suna tsince duk wani ƙwaro da suka gani. Sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna babu gida ko ɗaya da ba a sami gizo-gizo mai saƙa a kusurwa ba. Saboda haka ganin yana a ɗaki ba shaidar ƙazanta ba ce kai tsaye. Abin da yawanta ke nunawa shi ne akwai abinci a wurin, wato ƙuda da sauro suna samun hanyar shiga.

A gaɓar Tafkin Victoria, tsakanin Kenya da Yuganda, akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da tsawonsa bai wuce milimita 5 ba, masana na kiransa Evarcha culicivora. Robert Jackson na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nazarinsa a tashar bincike ta Mbita da ke yammacin Kenya. Sun gano cewa idan aka jera masa abinci iri-iri, macen sauron da ta ƙoshi da jini yake zaɓa, musamman Anopheles, wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Har warin safar da mutum ya sa ya cire yana jan shi, domin inda mutum yake nan sauro yake. Ba ya iya huda fatar mutum; ta cikin sauron yake samun jinin.

Kada wannan ya ruɗi kowa. Gizo-gizo ba zai maye gurbin gidan sauro ba, babu kuma wani bincike da ya nuna cewa yana a kusurwar ɗaki ta isa ta kare yaro daga zazzaɓi. Amma idan tsoro ake rabawa, ya kamata a san wanda ya fi cancanta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kusan 597,000 a shekarar 2023, kimanin kashi 31 cikin 100 daga Najeriya, kusan kashi 6 daga Nijar. Saran maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya duk shekara, kuma duk wanda ya san asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya san abin da kububuwa ke yi wa manoma lokacin girbi. Mutuwa ta dalilin cizon gizo-gizo kuwa abu ne da ba kasafai ake jin sa ba a ko'ina a duniya. Duk da haka za a ga gidan da kwatarsa ta toshe, sauro na ƙyanƙyasa a ƙofar ɗaki, gidan sauron da aka raba kyauta an kewaye lambu da shi, amma an tayar da hankali saboda gizo-gizo ɗaya a silin.

Daga ina tsoron ya samo asali? Wani ɓangarensa daga laifin da ake ɗora masa ne ba tare da shaida ba. Yaro ya tashi da safe da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a gefen baki, sai kaka ta duba ta ce tautau ne, gizo-gizo ya yi masa fitsari. Alhali gizo-gizo ba ya fitsarin da ke ƙona fata. Kashinsa ɗan ɗigo ne fari-fari da ke bushewa a bango. Irin wannan ƙuna da ke fitowa dare ɗaya, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ratsin ja da baƙi, wanda masana ke kira Paederus. Yana yawa da damina a kusa da fadamu da gonakin shinkafa, hasken fitila ke jawo shi. Ba ya cizo, amma idan mutum ya murƙushe shi a jikinsa cikin barci, ruwan jikinsa na ƙona fata ya bar tabo mai tsawo. Wani lokacin kuma ƙwayar cuta ce ta fata, wadda ke bukatar maganin asibiti.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ƙazafi ba. Wani likita a jihar California, Jeffrey Suchard, ya bi diddigin mutum 182 da suka je sashen gaggawa suna cewa gizo-gizo ya cije su. A rahotonsa na 2011, mutum 7 kacal aka tabbatar cizon ne; kusan kashi 86 cikin 100 ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu, irin masu haddasa maruru. Hatsarin wannan kuskure a fili yake. Wanda ya yarda gizo-gizo ne ya taɓa shi zai zauna a gida yana shafe-shafe, ciwon da ke bukatar magani yana ci gaba da ruruwa.

'Yan jarida ma suna da nasu kason laifin. A 2022 wata tawagar masana ƙarƙashin Stefano Mammola na ƙasar Italiya ta duba labarai sama da 5,000 da aka buga kan gizo-gizo a ƙasashe 81 cikin shekaru 10. Kashi 47 cikin 100 na ɗauke da kuskure, kashi 43 kuma an zuzuta su don tayar da hankali. Irin waɗannan labarai ne ke yawo a WhatsApp da hoton hannu ya ruɓe, ana cewa a tura wa 'yan uwa. Haka nan zancen cewa mutum na haɗiye gizo-gizo 8 a shekara cikin barci ba shi da tushe ko kaɗan.

Wannan ba ya nufin babu masu dafi. Kusan kowane gizo-gizo na da dafin da yake sumar da abincinsa, sai dai a mafi yawansu haƙoran ba sa iya huda fatar mutum, ko kuma dafin bai wuce zafin harbin cinnaka ba. Waɗanda likitoci ke damuwa da su 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin 50,000 ɗin nan. A ƙasashe masu zafi, har da Afirka, akwai wata mai launin ƙasa-ƙasa da ƙundumemen ciki, wadda ke da tambari ruwan lemo mai siffar kalangu a ƙarƙashin cikinta, jakar ƙwanta kuma tana da tsini-tsini. Tana son ƙarƙashin kujerar roba da tsohuwar taya da bokitin da aka kife aka manta. Cizonta na da zafi, wani lokaci yakan kawo murɗar jijiyoyi da gumi, amma ba ta cizo sai an matse ta. A dazuzzukan kudu akwai manya masu gashi da ke zama a ramuka da kan bishiyar kwakwar manja, su ma cizonsu na da raɗaɗi. Ko a Ostireliya, inda ake da gizo-gizon Sydney mai saƙa kamar mazurari, wanda ke cikin mafiya hatsari a duniya, mutum 13 aka rubuta ya kashe, kuma tun da aka samar da makarin dafinsa a 1981 ba a sake rasa rai ta dalilinsa ba.

Inda kashe gizo-gizo ya fi jawo asara shi ne gona, kuma ƙasar Indonesiya ta koyi wannan darasi da tsada. Ta kai matsayin ciyar da kanta da shinkafa a 1984, gwamnati na zuba tallafi a kan maganin feshi, manoma na fesawa ko da ƙwari ko babu. Ba a jima ba sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa ya ɓarke a tsibirin Java ya ƙone gonaki. Binciken da Peter Kenmore da wasu masana suka yi a cibiyar nazarin shinkafa ta duniya da ke Filifin ya riga ya nuna dalili. Ƙwaron na binne ƙwansa a cikin kara, inda magani ba ya kaiwa. Feshin na kashe gizo-gizo da sauran masu cin sa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya tarar da gona babu maƙiyi. A watan Nuwamban 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa, daga baya aka janye tallafin, aka buɗe makarantun manoma a bakin gona inda ake koya musu bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai taimako. Feshi ya ragu sosai, shinkafa kuwa ba ta ragu ba.

Manomin shinkafa a Kura ko Haɗejia ko Argungu yana da abin ɗauka a nan. Yanar da yake gani da sassafe a kan ganye, raɓa ta kwanta mata, alama ce cewa gonarsa na da masu gadi. Feshin kalanda, wanda ake yi don kawai maƙwabci ya yi ko don mai shago ya ce lokaci ya yi, yakan fara hallaka masu gadin kafin ɓarayin.

Abin ban sha'awa shi ne al'adar Bahaushe ba ta ɗauki wannan halitta a matsayin dodo ba. Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da haɗama, da wayo yake kayar da zaki da giwa da kura, kuma ya cika shafukan tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913. Takwaransa Ananse na Ashantawan Ghana har Jamaika ya kai a bakin bayin da aka kwashe. A Alƙur'ani mai girma sura ta 29 sunansa take ɗauke da shi, inda aka buga misali da raunin gidansa. Littattafan sira kuma sun kawo labarin yanar da aka saƙa a bakin Kogon Saur lokacin Hijira, duk da cewa malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancin ruwayar. Gidan nasa ba ya tare rana ko ruwa, yatsa ɗaya ya isa ya rushe shi, amma zaren da aka saƙa shi da shi wani abu ne daban: idan aka auna nauyi da nauyi, ya fi ƙarfe juriya. A Madagaska akwai nau'in da ke miƙa zare mai tsawon mita 25 ya haye kogi, kuma a can ne aka tatsi zaren gizo-gizo sama da miliyan 1 aka saƙa alkyabba mai ruwan zinariya da aka baje kolinta a Landan a 2012.

Sai dai ƙarfin zaren bai mai da shi magani ba. Masu ɗora yana a kan sabon yanka don tsayar da jini su sani cewa masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmark sun gwada zaren nau'i 7 a 2021 ba su ga yana kashe ƙwayoyin cuta ba. Yanar da ta kwashi ƙura da gawar ƙudaje hanya ce ta shigar da cuta cikin rauni.

A ɗaya gefen kuma ga abin da ke cikin kwalbar. Piya-piyar da ake haɗawa ana sayarwa a tasha da kasuwa, sinadarin dichlorvos ne jigonta, wanda aka yi don gona. Yana aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyi, kuma jijiyar ƙwaro da ta yaro duk yana taɓa su. Dalalar miyau, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi na daga alamun wanda ya shaƙa da yawa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa masu wannan sinadari a kasuwanni da kantuna, ta taƙaita su ga dillalan kayan noma, amma har yau samunsu bai yi wuya ba. Ƙarin abin takaici, feshin ba ya ma cika aikin da aka saye shi dominsa. Gizo-gizon da ke rataye a yanarsa ba ya taka inda aka yayyafa, ƙwansa na cikin jakar zare da magani ba ya ratsawa da sauƙi, kuma muddin ƙuda da sauro na shigowa, wani zai zo ya gaji kusurwar.

Wanda ba ya son yana a ɗakinsa yana da cikakken haƙƙi, hanyar kuma a buɗe take. A riƙa kakkaɓe silin da kusurwoyi duk mako, a haɗa da 'yan farare ƙullin ƙwai a fitar waje. A sa raga a taga, a liƙe tsagar bango da ƙasan ƙofa. A rage tarkacen kwali da tsofaffin buhuna a ƙarƙashin gado, a nisanta tarin itace da tayoyi daga jikin ɗaki. Fitilar waje da ke ci har asuba a bakin ƙofa ita ke tara ƙwari, su kuma su tara masu cin su, don haka a matsar da ita nesa ko a kashe idan ba a bukata. A rufe abinci, a kwashe shara, a buɗe kwata. Idan babban gizo-gizo ya shigo, a kife shi da kofi, a zura kwali a ƙarƙashi, a kai shi bayan gida a sake. Takalmi da tufafin da suka daɗe a ajiye a kakkaɓe su kafin a sa, wanda kariya ce daga kunama ma. Na rumbu da garka da turken dabbobi kuwa a bar su su yi aikinsu.

Idan cizo ya auku, a wanke da sabulu da ruwa, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. Idan kumburi na yaɗuwa, ko jijiyoyi na murɗawa, ko gumi ya keto, ko kuwa ƙaramin yaro ne, asibiti za a nufa ba tare da ɓata lokaci ba.

Sauran aikin na hukuma ne. NAFDAC da hukumomin lafiya na jihohi su bi dokar 2019 har cikin tasha da kasuwannin ƙauye, inda ake ɗura gubar gona a kwalaben da ba su da ko takarda. Malaman gona su koya wa manoma duba gona kafin feshi, kamar yadda aka yi a Indonesiya. Gidajen rediyo su gayyaci likitocin fata su yi wa iyaye bayanin ainihin abin da ke haddasa ƙurajen da ake kira tautau. Magidanta kuma, kuɗin da za a kashe a kan kwalbar piya-piya a tara shi a sayi ragar taga da gidan sauro.